Wufa mai sauƙin kuɗi: auna ɗakinka kafin ka karanta kwali

A layin masu kayan wuta na kasuwar Sabon Gari a Kano, ko a Alaba ta Legas inda kaya da yawa ke biyowa kafin su hau Arewa, cinikin wufa salonsa ɗaya ne. Mai shago ya jona wayarsa ta Bluetooth, ya zaɓo waƙar da ya san tana da duka, ya murɗe maɓalli har ƙarshe. Gilashin kanta ya kama rawa, kwalayen da aka jera a sama su fara motsi. Sai ya ɗaga murya ta ɗara ta kiɗan: "Alhaji, ka dai ji da kunnenka. Wat dubu biyar ce, ko gidan biki ka kai ta ba za ta ba ka kunya ba." Mai saye ya ɗora tafin hannu a kan akwatin, ya ji yana kaɗawa, ya gyaɗa kai, a shiga maganar kuɗi.

Duk abin da aka yi ɗin nan bai gaya wa Alhaji yadda akwatin zai kasance a falonsa ba idan ya sa fim. Shagon a buɗe yake ta gaba, sauti na ficewa titi. Waƙar kuma dukanta yana faɗawa ne wajajen 50 zuwa 100 Hz, daidai inda ko ƙaramin akwati ke iya cika baki. Fim yana neman abin da ke ƙasa da nan, kuma a can ƙasan ne ake bambance wufa da akwatin hayaniya.

Me ake nema daga gare ta?

Sauti girgizar iska ce, kuma ana ƙirga ta da Hz, wato sau nawa iskar ta kai ta komo a daƙiƙa guda. Kunnen ɗan Adam mai lafiya yana ji daga wajen 20 Hz zuwa 20,000 Hz. Muryar namiji tana farawa ne daga wajen 85 Hz. Tsirkiya mafi kauri a jitar bes tana ba da 41 Hz, maɓalli mafi zurfin sauti na fiyano 27.5 Hz. Rugugin hadari, fashewar bam, saukar jirgi mai saukar ungulu, takun wata ƙatuwar dabba a fim, duk suna da rabo mai yawa a ƙasa da 40 Hz, inda ƙirji da kujera ke ji kafin kunne ya tantance. Sipikun talabijin da ƙananan sipikun da ake ratayawa a bango ba su da hannu a wannan yanki. Aikin wufa ke nan, ita da Turawa ke kira sabwufa: ta karɓi duk abin da ke ƙasa da wajen 80 Hz, ta bar wa sauran sipiku magana da kiɗa.

Masu sinima ne suka koya wa mutane son wannan ƙugi. A 1974 kamfanin Universal ya fito da fim ɗin Earthquake tare da wani tsari mai suna Sensurround, aka girke manyan akwatunan Cerwin-Vega a gidajen kallo don masu kallo su ji girgizar ƙasar a jikinsu. A wani shahararren gidan sinima na Hollywood sai da aka shimfiɗa raga a ƙarƙashin rufi saboda ɓarɓashin da ke zubowa. Daga baya abin ya samu tsari. Da tsarin sauti na Dolby Digital ya fito tare da fim ɗin Batman Returns a 1992, na DTS kuma tare da Jurassic Park a 1993, an ware wa ƙugi hanyarsa ta daban. Ita ce ɗigo-ɗaya ɗin da ake gani a 5.1: sipiku biyar, da hanya guda da ba ta ɗaukar komai sama da 120 Hz. Ana kunna wannan hanya da ƙarin desibel 10, wato ma'aunin ƙarfin sauti, a kan sauran, har a sinima tana iya kaiwa desibel 115. Babu wufar araha da za ta kai nan a 25 Hz, kuma babu mai bukatar hakan a falon da yara ke barci a ɗakin gefe. Amma yana da kyau mutum ya san girman abin da aka zuba a cikin fim ɗin, don ya gane dalilin da ƙaramin akwati ke shaƙewa a wasu wurare.

Wat dubu biyar

Lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a kwali, sau da yawa da haruffan PMPO a gefenta, ba ta da wata ƙa'ida da aka yarda da ita. Kowane kamfani yadda ya ga dama yake lissafa ta. Wannan wasa ya daɗe: tun 1974 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka cewa masu sayar da amfilifaya su bayyana ƙarfin da na'ura ke iya bayarwa a ɗore, saboda yadda talla ta cika da lambobin ƙarya. Wannan ƙarfi mai ɗorewa shi ne ake rubuta RMS a gabansa, shi kaɗai ya cancanci a duba.

Idan ba a rubuta shi ba, juya akwatin ka karanta ɗan allon da ke kusa da inda wayar wuta ke shiga. A nan ake rubuta wutar da na'urar ke ja daga bango. Akwatin da ke jan wat 60 ba shi da inda zai samo dubu biyar. Yana iya ɗan zarce abin da yake ja na ƙiftawar ido, amma ba ninki tamanin ba.

Ko wat ɗin gaskiya ma bai kai yadda ake ɗaukarsa ba. Ninka ƙarfi daga wat 100 zuwa 200, desibel 3 kawai yake ƙarawa, ƙarin da kunne zai lura da shi amma ba zai ce an yi wani abin a zo a gani ba. Kafin mutum ya ji sauti ya ninka, sai an ƙara wajen desibel 10, wato ƙarfi sau goma. Saboda haka bambancin wufa mai wat 150 da mai 200 bai isa ya sa a ƙara kuɗi ba.

Abin da ke haifar da ƙugi shi ne yawan iskar da aka tura: faɗin faifan sipika, da nisan da yake iya kaiwa gaba da baya ba tare da ya rikice ba. Faifai mai inci 12 ya ɗara mai inci 10 da kusan rabi, ya kuma ninka mai inci 8 har da ɗoriya. Ga inda lissafin ke da zafi: idan ana son 25 Hz ya fito da ƙarfin da 50 Hz ya fito, sai an tura iska ninki huɗu. Kunne ma ba ya taimakawa. Tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson na ɗakin binciken Bell suka nuna cewa jinmu yana raguwa sosai a ƙasa. Sautin 20 Hz sai ya haura desibel 70 kafin ma a san yana nan. Shi ya sa sipika mai inci 6 a cikin akwati mai fitilu masu walƙiya ba za ta yi aikin ba, ko me aka rubuta a jikinta.

Masu ƙera sipiku suna da wata ƙa'ida da suke jingina wa Josef Anton Hofmann, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa kamfanin KLH a 1957. Abubuwa uku ake so: ƙaramin akwati, ƙugi mai zurfi, da ƙarancin cin wuta. Biyu kawai ake samu. Wufa ƙarama mai sauka ƙasa sosai tana nan a kasuwa, amma da ƙaton amfilifaya da sipika mai tsada ake sayen ƙanƙantarta. Mai ɗan kuɗi kaɗan ba shi da wannan hanya. Tasa ita ce ya yarda da babban akwati, ya kuma shawo kan uwargida tun kafin a sauke shi daga mota.

Akwatunan iri biyu ne. Akwai rufaffe ruf, wanda Edgar Villchur ya yi wa suna a 1954 da sipikar AR-1, akwai kuma mai bututun iska, wanda asalinsa ya koma ga Albert Thuras na Bell a farkon shekarun 1930. Rufaffen ya fi ƙanƙanta, kuma ƙarfinsa a hankali yake raguwa idan ana sauka ƙasa. Mai bututu yana samun ƙarin ƙarfi kyauta a wajen da aka daidaita bututun, sai dai ƙasa da nan yakan yanke kusan gaba ɗaya, faifan ya riƙa kaɗawa a banza. Ana yawan cewa rufaffe na kiɗa ne, mai bututu na fim. Maganar ba ta cika ba, domin mai bututun da aka ƙera da kyau yana yin kiɗa tsaf. Amma ga mai kallon fim da kuɗinsa ke da iyaka, ni dai mai bututu zan nuna masa, inci 12 idan da hali. Abin lura a wurinsa shi ne hucin iska: bututun da ya yi ƙanƙanta yana fito da wani fuu-fuu idan an matsa masa, kuma da kunne ya kama shi sau ɗaya ba ya sake mantawa.

Lamba ɗaya ta rage a takarda, ita ce iyakar saukar wufar. "25 Hz" kawai ba ta nufin komai, don wataƙila a nan sautin ya riga ya zama raɗa. Sai an ga ±3 dB a gefenta sannan ta zama alkawari. Akwai ma'auni mai suna CEA-2010 da masu gwajin kaya masu zaman kansu ke amfani da shi, wanda ke nuna ƙarfin da wufa ke kaiwa a kowane mataki kafin sautinta ya gurɓace. Idan samfurin da kake so yana da irin wannan sakamako a intanet, ya fi duk abin da ke jikin kwali amfani.

Ɗakin shi ne rabin na'urar

Nan ne maganar take, kuma nan ne masu saye ba sa tsayawa. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Zangon girgiza guda ta 80 Hz ya kai mita 4.3, ta 40 Hz mita 8.6, ta 20 Hz kuwa mita 17. Wato ƙugi ya kai girman ɗakin ko ya fi shi. Ba ya wucewa ta gabanka ya tafi. Yana dukan bango ya dawo ya haɗu da wanda ke biye da shi. A wani wurin su taru su yi ƙarfi, a wani wurin su kashe juna.

Ɗauki daro mai ruwa ka ɗan jijjiga shi gaba da baya. A bakin nan da bakin can ruwan yana hawa yana sauka sosai, a tsakiya kuwa kusan tsayinsa ba ya canzawa. Haka iska ke yi tsakanin bango biyu masu fuskantar juna. Wanda ya jingina da bango yana shan ƙugi har ya gundure shi, wanda ya kafa kujerarsa a tsakiyar ɗaki yana tambaya ko an kunna wufar ma.

Kowane ɗaki yana da sautin da yake riƙewa, kuma ana iya lissafa shi da awon tela. Raba 172 da tsawon ɗakin a mita. Ɗaki mai mita 5 yana riƙe 34 Hz, mai mita 4 yana riƙe 43 Hz, rufi mai tsayin mita 3 yana ƙara nasa a 57 Hz. Yanzu duba ɗakin da magina suka fi yankawa a gidajenmu, sha biyu sha biyu. Ƙafa 12 mita 3.66 ce, ta ba da 47 Hz. Tsawo da faɗi ɗaya ne, saboda haka matsalar ta hau kan 'yar'uwarta a wuri guda. A irin wannan ɗaki duk bugun da ya faɗa kusa da 47 Hz zai kumbura ya yi ta jan jiki, na kusa da shi su ɓace, har mutum ya rantse wufar sauti ɗaya ta iya. Sau da yawa ba laifinta ba ne. A mayar da ita shago a sayo wadda ta fi ta tsada, ɗakin zai yi wa sabuwar abin da ya yi wa tsohuwar.

Akwai wani bambanci da ya kamata mai karanta sharhin Amurkawa ya riƙe. Gidajensu yawanci katako ne da allon filasta, bangon da ke ɗan lanƙwasawa ya sha wani kaso na ƙugi, wani kuma ya wuce waje. Namu bulo ne da siminti, ƙasa tayil, sama wani lokaci dakin na kankare. Irin wannan gini ba ya barin komai ya fita. Ribar ita ce wufar da Ba'amurke zai ce ta yi wa ɗakinsa kaɗan tana iya isar naka. Hasarar ita ce kumburin da ramin sun fi tsanani. Labule da kafet suna rage amsa-kuwwar magana, kuma suna da amfaninsu, amma ba sa taɓa sautin da zangonsa ya kai mita bakwai. Kwalin ƙwai da wasu ke mannawa a bango kuwa, sai dai ya tara ƙura da kyankyasai. Manyan kujerun kushin masu kauri su ne ke ɗan taimakawa.

Maganin da ya fi kowane aiki kyauta ne: wurin ajiyewa. Kusurwa ita ce ke ba da ƙarfi mafi yawa, don bango biyu da ƙasa duk suna turo sautin gaba, kuma ga ƙaramar wufa a babban falo wannan taimako ne na gaske. Sai dai kusurwa tana tayar da duk sautukan da ɗakin ke riƙewa a lokaci guda. Hanyar gano wuri mai kyau tana da ban dariya ga mai kallo, amma tana aiki. A ɗora wufar a kan kujerar da maigida ke zama, a sa waƙa mai bes da ke hawa yana sauka, sannan mutum ya durƙusa ya bi gefen bango da rarrafe, kansa a daidai tsayin da akwatin zai kasance. Zai ji wurin da ƙugin ya cika kunne, ya ji wurin da ya ɓace, ya kuma ji wani wuri da kowane bugu ke fitowa daidai da ɗan'uwansa. Nan ne mazaunin wufar. Idan aka mayar da ita can aka koma kujera, abin da aka ji a durƙushe shi za a ji a zaune. Gara a yi wannan aiki lokacin da baƙi ba sa nan.

Kujerar ma tana da nata. Falonmu an saba jera kujeru a jikin bango, a bar tsakiya fili, kuma jikin bangon baya shi ne inda ƙugi ya fi taruwa. Jawo kujerar kallo gaba ko da rabin mita ne yana canza abin da ake ji fiye da yadda mutum zai zata. A dai guji tsakiyar ɗaki cif.

Girman ɗakin shi ke faɗin girman abin saye. Ɗaki rufaffe sha biyu sha biyu, wufa mai inci 10 ta kirki ta ishe shi. Falo mai mita 4 da 5 da rufin mita 3, wato iska mai kyubik mita 60, inci 12 yake so. Idan falon a buɗe yake zuwa wurin cin abinci da matakalar bene, to duk wannan sarari na wufar ne ta cika, kuma guda ɗaya ta araha za ta wahala.

A nan ne maganar biyu ke shigowa. Todd Welti na kamfanin Harman ya gabatar da bincike a 2002 a kan yawan wufar da ɗaki ke bukata, ya nuna cewa biyu a tsakiyar bango biyu masu fuskantar juna suna daidaita ƙugi tsakanin kujeru fiye da yadda ɗaya za ta taɓa yi. Ga gidan da mutum shida ko bakwai ke zama kallo, wannan ya fi ƙarin wat muhimmanci. Amma kada a fahimce shi a karkace: ƙananan akwatuna biyu da ba sa sauka ƙasa da 45 Hz, ko an haɗa su ba za su sauka ba. Dabarar ita ce a sayi ɗaya mai kyau bana, irin wadda za a iya samun 'yar'uwarta baɗi.

Abin da ke kasuwa

Kafin komai, da me za a jona ta? Saitin nan da ake sayarwa a kwali ɗaya, wufa da ƙananan sipiku biyar, amfilifayar duka tana cikin akwatin wufar, don haka ba a canza ta ita kaɗai. Doguwar sipikar da ake ajiyewa ƙarƙashin talabijin kuma, wufarta marar waya da ita kaɗai take magana, ba ta karɓar ta wani kamfani. Wufa mai zaman kanta, mai amfilifaya a cikinta, tana bukatar risiba, wato amfilifayar da ke raba sauti ga sipiku, irin ta Denon, Yamaha, Onkyo, Sony ko Pioneer mai ramin da aka rubuta Sub Out ko LFE. Wanda yake da tsohuwar amfilifayar sitiriyo sai ya nemi wufa mai wurin shigar wayar sipika a bayanta. Mutane da yawa sai sun kai kaya gida suke gano wannan.

A matakin farko akwai irin su Polk PSW10, inci 10 da wat 50 na gaskiya, wadda ƙarfinta ke ƙarewa wajajen 40 Hz, da Yamaha NS-SW100 mai irin wannan girma. Suna cike gurbin da ƙananan sipiku suka bari, suna yi wa kiɗa da wasannin kwaikwayo daɗi a ƙaramin ɗaki, amma ba za su kaɗa kujera ba. Sama da su kaɗan akwai masu inci 12 da bututu: Dayton Audio SUB-1200 mai wat 120, BIC America F12 mai wat 150, da Klipsch R-12SW mai wat 200, wadda kamfanin ya rubuta tana sauka zuwa 29 Hz. A ganina nan ne kuɗi ya fi yin aiki ga yawancin masu kallon fim. Daga nan sai matakin da kalmar araha ta fara ja da baya: SVS SB-1000 Pro da PB-1000 Pro, da suka fito a 2021, duka inci 12 da wat 325, ta farko rufaffiya mai kaiwa 20 Hz, ta biyu mai bututu mai kaiwa 17 Hz, kuma ana saita su daga manhajar waya. A Amurka ta farkon ta fito ne a wajen dala 500. Kafin ta iso Kano ko Yamai, kuɗin jirgi da na kwastan da canjin dala sun hau kanta, kuma akwati mai nauyi ba ya tafiya da sauƙi. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

A kuma tambayi kai me ake kallo. Yawancin abin da ke YouTube sitiriyo ne, ba shi da waccan hanya ta ɗigo-ɗaya. Wanda kallonsa labarai ne da ƙwallo da finafinan Hausa masu dogon zango, biyan kuɗin 17 Hz asara ce gare shi. Wanda ke zama da Interstellar ko War of the Worlds a 5.1, shi ne zai ji inda kuɗinsa ya tafi.

Wasu samari suna ɗauko wufar mota su girka a ɗaki. Tana yin ƙara, babu musu, amma amfilifayar mota wutar batir mai bolt 12 take ci da yawan gaske, akwatinta kuma an auna shi ne da ƙaramin cikin mota, inda ƙugi ke samun ƙari da kansa. A falo zurfin yakan ragu, dukan ya rage.

Wuta, da kayan gwanjo

Yawancin sunayen da aka ambata a sama kasuwar Amurka aka fi yi wa su, kuma wutar Amurka bolt 120 ce. Tamu a Najeriya da Nijar da Gana 220 zuwa 230 ce. Wufar da aka rubuta 120V kawai a bayanta, aka cusa ta a soket ɗinmu, ƙara ɗaya za a ji da ɗan hayaƙi, shi ke nan. A duba ko tana da maɓallin sauyawa tsakanin 115 da 230, ko an rubuta 100-240V. In babu, sai tiransifoma mai rage wuta, wadda ƙarfinta ya ninka abin da wufar ke ja. Ko wadda ta dace da wutarmu ma, a ware mata kuɗin sitabilaiza da abin kare ta daga tsallen wuta tun a cikin kasafin farko, domin lokacin da aka dawo da wuta ko aka juya zuwa janareta shi ne lokacin da allunan amfilifaya ke ƙonewa, kuma allon wani samfurin ba a samunsa a nan. Mai sola ya nemi amfilifaya nau'in Class D, don ba ta cin wuta sosai kuma ba ta zafi. Inbata marar tsabtar wuta tana sa wufa gurnani. Idan kuwa gurnanin yana nan ko a wutar NEPA, a zare wayar tauraron ɗan'adam daga dikoda a saurara. Sau da yawa daga nan yake shigowa.

Gwanjo hanya ce mai kyau ga mai haƙuri, don wufa ba ta tsufa kamar waya. Ta shekara goma tana iya yin aikin sabuwa. Amma a duba ta da hannu. A kashe ta, a buɗe yatsu a kewayen tsakiyar faifan, a danna a hankali: ya shiga ya fito sumul, ba tare da ƙarar gogayya ba. Gogayya alama ce koyil ya taɓa ƙonewa. A shafa zoben da ya riƙe bakin faifan. Idan na soso ne, zafi da laima suna cinye shi har ya riƙa marmashewa a yatsa. Na roba ya fi jure yanayinmu. A kifa akwatin a duba gindinsa, don katakon da ake yin su da shi yana kumbura idan ya sha ruwan mopa ko na kwantena. A haska tocila cikin bututu, ɓera yana son wurin. A shinshina bayan amfilifayar. Sannan a roƙi mai shago ya bar ta tana aiki kamar rabin awa, domin wata sai ta ɗauki zafi take yankewa. Idan ya ce, "Haba Yallaɓai, ai ka ji ta," a ce masa ana so a ƙara ji. Manhajar waya mai fitar da sauti ɗaya tak tana da amfani a nan: a fara daga 80 Hz a riƙa sauka a hankali da matsakaicin ƙarfi, a lura da inda sautin ya ɓace ko ya koma kaɗawar banza. Wannan ita ce iyakarta ta gaskiya.

Bayan an kawo ta gida

A cikin risiba a sa duk sipiku a kan Small, ko da dogaye ne, a sa iyakar rabon sauti a 80 Hz, adadin da THX ya tsayar, kamfanin da ya samo asali daga Lucasfilm a 1983. Idan sipikun 'yan mitsi-mitsi ne, a ɗaga zuwa 100 ko 120, amma a ajiye wufar a gaba kusa da talabijin, domin daga wannan adadi kunne yake fara gane inda take. Maɓallin rabon da ke bayan wufar a murɗe shi ƙarshe, kada a tace sauti sau biyu. Na ƙarfi a fara da shi ƙasa da rabi. Idan risibar ta zo da ɗan makirufo na awo, Audyssey a Denon da Marantz, YPAO a Yamaha, MCACC a Pioneer, a yi amfani da shi cikin dare ko da sassafe, janareta da fanka a kashe. Yana iya rage kumburi, amma ba ya cike ramin da ɗaki ya haƙa. Wannan sai an matsar da akwati ko kujera. Maɓallin Phase mai 0 da 180 kuma, wani ya riƙa juya shi kana zaune, ka bar shi a inda ƙugin ya fi cika.

Kusan kowa yana ƙure wufa a makon farko. Gwajin mai sauƙi ne: a kamo labarai. Idan muryar mai karantawa tana fitowa daga akwatin da ke ƙasa, tana kauri kamar yana magana a cikin rijiyar da babu ruwa, an yi yawa. A rage har sai an daina lura da wufar, sai fim ya kira ta.

Ƙugi ba ya tsayawa a bango yadda magana ke tsayawa. A gidan haya ko gidan gandu, maƙwabci ba ya jin fim ɗin, dum-dum ɗin kawai yake ji, kuma shi ya fi hana barci. Ɗora akwatin a kan roba mai kauri yana rage abin da ke bi ta dakin zuwa na ƙasa, amma ba ya tare wanda ke bi ta iska. Bayan Isha'i sai dai a rage, ko a kunna tsarin dare da yawancin risibobi ke da shi.

Sauran ƙarar da za a ji a ranar farko ba daga wufar take ba. Gilashin taga ne, da ƙofar kabet ɗin kwanuka, da firam ɗin hoto, da silin da bai kamu da kyau ba. A sa wannan manhaja ta sauti ɗaya, a riƙa hawa daga 30 zuwa 100 Hz sannu a hankali. Kowane abu zai amsa a nasa adadin, a bi shi da ɗan soso ko guntun robar silifa a cusa a inda yake kaɗawa.